Allon da Ya Ƙi Wuce Motsi na Arba'in da Bakwai

Ko na so in manta, ba zan taɓa iya mantawa da ranar Alhamis ɗin da na tara malamai goma sha ɗaya da limamin makaranta a kan wani allon roba mai cin batir ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin mota nake, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina aji biyar a wata makarantar kwana ta maza a yankin Kiru, cikin shekarun casa'in. Ni ɗan Dangora ne, kuma irin ɗaliban nan ne da malami zai shekara yana koyar da su bai san muryarsu ba. Ba na ƙwallo, ba na muhawara. Littattafaina duk a naɗe suke da takardar siminti, kowane shafi da jan layi a gefe. In an yi mini tambaya a aji, amsar tana nan daram a kaina, amma kafin ta iso baki ta narke.

Mutum ɗaya ne ya ga amfanin wannan hali nawa, shi ne Malam Iliyasu, malaminmu na lissafi. Ya taɓa zuwa wani kwas a ƙasar waje, ya dawo da allon darar Turawa, wadda ake kira ces. Ba allo ne kawai ba, na'ura ce. Batir shida take ci. In ka danna ɗan dara a gidan da yake, ka sake danna shi a gidan da ka kai shi, sai ta yi ƙara 'yar siririya, alamar ta gane. Daga nan ta yi shiru tana tunani, can sai ƙananan jajayen fitilu na gefen allon su nuna maka inda take so ka matsar mata da nata. Hannu ne kawai ba ta da shi. Takardar bayaninta kuwa gara ta daɗe da cinye ta, abin da muka sani game da ita duk daga bakin Malam muka ji. Shi ya sa wa 'ya'yan sunaye ma: sarki, sarauniya, doki, waziri, hasumiya da dakaru.

Malam ya kafa ƙungiyar dara a wani ɗan ɗaki a ƙarshen ginin kimiyya. A nan ake ajiye kwalaben da aka jiƙa macizai da kwaɗi a ruwan magani, sun yi fari fat, idanunsu a buɗe. Akwai jemagu a silin. Mu huɗu ne 'yan ƙungiyar (uku daga ciki inuwa ce take kawo su). Ni aka ba mabuɗi. Ba zan ɓoye muku ba, wannan mabuɗi shi ne dukiyata a makarantar. Nan ne kaɗai wurin da zan rufe ƙofa in zauna ba wanda zai ce mini, "Kai, wai kurma ne?"

Duk Alhamis wani abokin Malam yakan zo, Malam Buba, malamin dabbobi daga Doguwa. Dogon Bafulatani ne mai yawan dariya, yakan biyo a kan babur bayan ya gama yi wa shanu allura a rugagen hanya. Su biyun sukan kashe na'urar su yi wasansu a kan allon, ni kuma ina gefe ina rubuta kowane motsi a littafi. Malam Buba "Magatakarda" yake ce mini. Ban taɓa kuskuren rubuta motsi ko ɗaya ba. Wasan kansa dai, gaskiya, ban iya shi can-can ba.

Wata Alhamis a farkon damina suka yi wani dogon wasa. Sarauniyar Malam tana ta bin sarkin Malam Buba lungu-lungu, ni kuwa zuciyata fari ƙal, na ce yau Malam zai gama da shi. Malam ya yi motsi na arba'in da bakwai, sai aka kira la'asar. Suka tashi suna dariya suka fita. Na rubuta a ƙasan shafin: ba a gama ba.

Ranar Asabar Malam ya tafi gida Tudun Wada. Ciwon kwana biyu ya yi. Ranar Talata aka tara mu a filin taro aka ce Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar bakwai, shugaban makaranta ya sa aka kira ni ofis. Mutum ne gajere mai sanda, wanda ba ya son magana ta wuce jimla biyu.

"Kai ne mai mabuɗin ɗakin dara?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Ina neman inda zan sa takin gonar makaranta. In ƙungiyar nan ta ci gaba cikin natsuwa, ɗakin naku ne. In na ji wani shirme, ka kawo mabuɗi."

Na ce to. Na fito ina ce wa kaina, ni da shirme ai sai dai a labari.

To, ga inda abin ya faro. Na ƙudura a raina sai na nuna wa duniya cewa da an ƙarasa wasan nan, Malam ne zai ci. Na san na'urar tana da wani maɓalli da in ka danna za ta bar ka ka shigar da motsin ɓangarorin biyu, daga nan ka ce ta ci gaba da kanta. Shawarata ita ce in shigar mata da wasan duka daga littafina, in bar ta ta ƙarasa, in rubuta sakamakon da kyakkyawan rubutu in liƙa a bango.

Ranar Asabar bayan azahar na shiga ɗakin ni kaɗai. Hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Doguwa, gari ya yi duhu kamar an rufe shi da bargo. Hular Malam tana rataye a ƙusa inda ya manta ta. Lissafinsa na ƙarshe yana nan a allon bango, ba wanda ya iya gogewa. Kujerarsa har yanzu tana ɗan juye gefe, yadda ya ture ta da zai tashi salla. Ban zauna a kanta ba.

Na kunna na'urar na fara. Motsi na ɗaya, ta yi ƙara. Na biyu, ta yi ƙara. Ina karantawa ina dannawa, ina ɗaga fararen 'ya'yan da hannun Malam ya ɗaga, a jere yadda ya ɗaga su. Wajen motsi na talatin iska ta fara kaɗa taga. Na arba'in da biyar. Na arba'in da shida. Na ɗauki sarauniyar Malam na kai ta gidan da ya kai ta a ƙarshe, na danna.

Sai ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Dogo, sau uku. Fitilar farare da ta baƙaƙe suka kama tare, suna ƙiftawa a lokaci guda.

Na danna maɓallin da ke sa ta yi motsi. Ta ƙi. Na sake. Ta ƙi. Fitilun nan biyu suna ta ƙifta mini a cikin duhu, macizan kwalba suna kallona, wani jemage ya motsa a sama.

Da wani ne, da ya fita da gudu ya manta da zancen. Amma ni ɗalibin kimiyya ne (haka nake ɗaukan kaina), don haka na tsaya yin gwaji. Na ce wataƙila batir ne. Washegari na aro sababbi daga rediyon wani ɗan ajinmu na sa. Daidai motsi na arba'in da bakwai, kuka uku, ta tsaya. Na ce wataƙila gidan ne ya lalace. Na gwada shi a wani wasan, lafiyarsa ƙalau. Na shigar da wasu tsoffin wasannin Malam guda biyar, duk ta karɓa ta ci gaba ba gardama.

Sai na yi gwajin da ya hallaka ni. Na kashe ta, na kunna, ban shigar da wasan daga farko ba. Na jera 'ya'yan kai tsaye yadda suke a motsi na arba'in da bakwai, kowa a gidansa, na duba sau uku. Na ce ta yi motsi. Ta yi shiru kaɗan, ta nuna mini inda zan kai baƙin sarki, hankalinta kwance.

Na zauna a ƙasa. Ku duba fa: 'ya'ya iri ɗaya, gidaje iri ɗaya, allo ɗaya. In ni na jera su, sai ta yi wasa. In na biyo sawun Malam mataki-mataki har zuwa inda hannunsa ya tsaya a duniya, sai ta yi kuka ta ƙi wucewa. Ashe ba 'ya'yan take gani ba. Ta san hanyar wa aka biyo.

Sau tara na maimaita wannan cikin kwana uku, duka da rana tsaka, ƙofa a buɗe, ina karanta Ayatul Kursiyyu. Sau tara abu ɗaya. Har na fara jin kamar ƙamshin turaren Malam yana ƙaruwa a ɗakin in na wuce motsi na arba'in. Na daina juya wa kujerarsa baya.

Kuskurena na farko shi ne gaya wa Sani, mai gadon da ke saman nawa. Na ce masa sirri ne.

"Haba, ni da kai? Wallahi ko bango ba zai ji ba," in ji shi.

Kafin karin kumallon washegari, 'yan aji ɗaya sun daina bi ta bayan ginin kimiyya. Kafin azahar, labari ya zama wai 'ya'yan darar suna tafiya da kansu. Kafin la'asar an samu wanda ya rantse ya ga hular Malam tana juyawa a kan ƙusa. Wani ɗan garin Ƙofa ya aika gida a kawo masa rubutun sha.

Kuskurena na biyu ya fi muni. Na ga labari ya lalace, ni kuma ba na son a ɓata bayani. Sai na zauna na rubuta rahoto shafi huɗu, da jadawali mai layi-layi: rana, irin batir, hanyar shigar da wasa, sakamako. A ƙarshe na rubuta, "Binciken ya nuna akwai abin da ya wuce ilimin kimiyya." Na ja layi biyu a ƙarƙashi da rula. Da yake ba zan iya tsayawa gaban shugaba in yi magana ba, sai na tura ta ƙarƙashin ƙofar ofishinsa na gudu.

Ranar Alhamis bayan tashi daga aji aka ce in buɗe ɗakin. Shugaba ya shigo da rahotona a hannu. Malamai suka biyo shi, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a taga. Aka ba limamin makaranta, wanda shi ne malaminmu na Larabci, kujerar da ke bakin ƙofa. Ɗalibai sun yi cincirindo can nesa ƙarƙashin darbejiya, ba mai matsowa.

"Nuna mana," in ji shugaba.

Na jera 'ya'yan kai tsaye. Ta yi motsi. Na kashe, na kunna, na ɗauko daga farko. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙaramar ƙarar nan da numfashin mutane. Da na danna na arba'in da bakwai, ta saki kukanta uku, fitilu biyu suka kama. Wani malami a taga ya ce, "Innalillahi," ya ja da baya har ya taka na bayansa.

Malamin kimiyyar lantarki, wani ɗan bautar ƙasa, ya ce batir ne. Na nuna masa jadawali, layi na biyu zuwa na biyar. Ya karanta, ya janye maganarsa. (Allah ya yafe mini, a wannan lokacin wani daɗi na ji. Karo na farko a rayuwata manya suna saurarena.)

Shugaba ya juya. "Allah gafarta Malam, me ka gani?"

Liman ya gyara rawani. "Wanda ya rasu dai ya tafi, ba ya dawowa, kada wani yaro ya fita da wannan a kansa. Amma akwai wasu bayin Allah da ba ma ganinsu, kuma suna son kufai da wurin da ake ajiye mushe." Ya kalli kwalaben macizai. "Wa ya ce a riƙa wasa a nan tun farko?"

Ana cikin haka sai muka ji tsayuwar babur. Malam Buba ne, karo na farko da ya zo tun bayan ta'aziyya. Ya yi sallama, ya gaisa da shugaba da liman, ya leƙo da dogon wuyansa.

"Tun daga bakin ƙofa ake ce mini Iliyasu ya shiga rediyo. Magatakarda, me ka aikata?"

Shugaba ya miƙa masa rahoton. Ya karanta a tsaye har ƙarshe, leɓensa yana motsi. Sannan ya karɓi littafina, ya ga inda na rubuta ba a gama ba.

"Wa ya ce maka ba a gama ba?"

"Ai... an kira salla, Malam."

"An kira salla bayan mun yi musabahar rufe wasa. Kai kana can kanka a sunkuye kana jan layi da rula." Ya kashe na'urar, ya ja kujerar Malam Iliyasu ya zauna a kai. Wasu malamai suka kalli juna. "Karanto mini, ɗana. In ka zo talatin da tara ka tsaya."

Na karanta, yana matsar da 'ya'yan. A talatin da tara ya ce a ba shi alli, ya zana a gefen tebur inda kowane ɗa yake. Ba su da yawa, bai ɗau lokaci ba. Muka ci gaba zuwa arba'in da uku.

"Dubi allo, dubi zanena. Akwai bambanci?"

Babu.

Muka ci gaba zuwa arba'in da bakwai.

"Yanzu fa?"

Babu.

"Sau nawa ke nan?"

"Uku."

"To in tsayuwa ɗaya ta dawo sau uku, kuma mai motsi ɗaya ne, me ake cewa?"

"Canjaras," na ce, da wata murya kamar ta ɗan tsako. Sai kuma na yi ƙarfin hali, don ban gama kunyata kaina ba. "Amma Malam, na duba littafin. Ba a maimaita motsi iri ɗaya sau uku a jere ba. Sarkinka kowane karo ta wata hanya daban ya bi."

"Ba hanya ake ƙirgawa ba, inda aka tsaya ake ƙirgawa. In saniya ta je rafi ta gabas, ta sake zuwa ta yamma, ba rafin ta je ba?"

Ɗan bautar ƙasa ya tambaya me ya sa to take yin wasa in an jera mata kai tsaye.

"Don ba ta san daga ina suka fito ba. Ka kawo mini bijimi yau, ina zan san an yi masa allura biyu a baya in ba a gaya mini ba? Sai in ɗauka ta farko ce. In yaron nan ya biyo da ita daga farko, tana ƙirgawa. In ya jera mata, a wurinta yau aka fara. Kukan nan uku cewa take yi wasa ya ƙare, ku tashi ku ba ni wuri."

Wani ya fara dariya a taga. Sai ta bazu. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna girgiza.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma malamin Turanci ya ɗaga kai ya ga wani kwali a bango mai dokokin wasa, ya matsa ya karanta ta bakwai da ƙarfi, ya fassara wa liman. Ita ce daidai abin da Malam Buba ya faɗa, kalma da kalma.

"Wannan kyakkyawan rubutu na wane ne?" ya tambaya.

Ba sai na amsa ba. Sunana yana ƙasan kwalin, da jan biro. Kwana biyu na yi ina kwafe shi daga littafin Malam a zangon da ya wuce, hankalina duk yana kan kada layi ya karkace.

Malam Buba bai yi dariya da yawa ba. Yana ta juya farar sarauniya a hannunsa.

"Kuma don ka sani, Magatakarda, ba ci zai yi ba. Na riga na cinye masa hasumiya, saura kaɗan in rufe shi. Gudu yake da sarauniyar nan, yana zagaya ni, ni ban lura ba sai da ya ajiye ta ya ce, 'Buba, ƙirga.' Ya kuɓuce mini." Ya ajiye ta a gidanta a hankali. "Allah ya jiƙansa."

Kowa ya ce amin. Dariya ta ɗauke.

Shugaba kuwa hannu kawai ya miƙo mini, tafin a buɗe. Na ciro igiyar daga wuyana na ɗora masa mabuɗin. Sannan ya ce in je filin taro gobe da safe in yi wa makaranta bayani da bakina, don yara su koma bin bayan ginin kimiyya. Na yi. Minti biyu ne, amma na tabbata a nan na fara furfura. Ranar Litinin aka shigo da buhunan taki arba'in. Allon kuma Malam Buba ya ɗaure a bayan babur ya kai wa iyalan Malam a Tudun Wada.

Har na gama makarantar ba wanda ya sake kirana da sunana. In na wuce sai in ji an yi ƙara siririya sau uku daga cikin aji. Shekaru da yawa bayan haka na haɗu da Sani a tashar Kwanar Dangora, ya yi tumbi, da 'ya'yansa biyu a gefe. Bai yi mini sallama ba, ƙarar ya fara yi.

Abin da na koya dai ba mai yawa ba ne. Yanzu in wani abu ya ba ni tsoro, nakan fara tambayar kaina ko akwai takardar da ya kamata in karanta, musamman wadda ni na rubuta. Sai na tabbatar babu, sannan in nemi liman.